Wanda Zai Bar Ƙasa, Ina Matsayin Harajinsa?

Jawabin da aka gabatar a zaman ilimantarwa na taron shekara-shekara na 'yan asalin Dauran mazauna birane





Gabatarwa

Kwamitin shirya taro ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan wata tambaya da ta yawaita a bakin 'yan uwa, musamman tun da aka fara aiki da sababbin dokokin haraji a farkon shekarar 2026. Tambayar ita ce: idan mutum zai bar Nijeriya ya koma wata ƙasa, don aiki ko karatu ko kasuwanci, shin dole ne ya miƙa wa hukuma bayanin kuɗin shigarsa, ko kuwa da zarar an buga masa hatimi a fasfo magana ta ƙare?

Tambayar ta shafe mu ƙwarai, domin mu mutanen bakin iyaka ne. Ƙaramar Hukumar Zurmi ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma hanyar da ta taso daga Ƙaura Namoda ta nufi Jibiya ta ƙofar gidanmu ta bi. Da wuya a sami gida a Dauran da ba shi da ɗa ko jika a Maraɗi ko Makka ko Jidda, ga kuma likitocinmu da malaman jami'a da ma'aikatan jinya da suka fara bazuwa Ingila da Amurka da Kanada.

Amsar a dunƙule ita ce, shekarar da mutum ya tashi tana kansa, dole ya ba da bayaninta. Shekarun da suka biyo baya kuwa sun dogara ne a kan abubuwa biyu: inda doka ta ɗauka nan ne mazauninsa, da kuma inda kuɗinsa ke fitowa. Fasfo da garin haihuwa ba su ne ma'auni ba. Sauran jawabin nan fassarar wannan amsa ce.

Haraji da ƙaura a tarihinmu

Dangantakar haraji da tafiya tsohuwa ce a ƙasar Zamfara. Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya fitar da dokokin 1904 da 1906 waɗanda suka tattara kuɗaɗen da talakawa ke biya suka mai da su haraji da jangali, ana karɓa ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi har zuwa baitulmalin En'e. A wancan tsari sunan kowane magidanci yana cikin littafin garinsu. Da kaka ta yi, sai a sayar da gyaɗa ko auduga a biya, kuma isowar jirgin ƙasa Ƙaura Namoda a 1929 ta ƙara wa wannan ciniki ƙarfi. Wanda amfanin gonarsa bai kai ba, sai ya ɗauki sanda ya tafi cin rani don ya samo kuɗin haraji. Duk inda ya je takardar harajinsa tana cikin aljihu, domin ita ce shaidarsa idan ɗan doka ya tare shi a hanya.

Haka kuma, bayan da aka shata iyaka tsakanin Ingilishi da Faransi daga 1906 zuwa 1908, mutane da yawa daga ɓangaren Nijar sun riƙa tsallakowa wannan gefe don gudun nauyin haraji da aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke ba sai a 1946. A zamanin nan tsallake iyaka yana iya raba mutum da mai karɓar haraji, saboda littafin dagaci ba ya bin mutum zuwa wata ƙasa. Daga baya gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan sun hau mulki a 1979, aka yi ta murna a faɗin Arewa.

Daga wannan tarihi muka gaji fahimta guda biyu. Ta farko, cewa haraji wani abu ne da aka soke tuntuni. Ta biyu, cewa wanda ya bar gari ya fita daga littafi. Duka biyun sun daina aiki. Harajin da aka soke na kai ne, wanda ake yanka wa kowane baligi ko ya samu ko bai samu ba. Harajin kuɗin shiga, wanda ake lissafawa a kan abin da mutum ya samu, bai taɓa tsayawa ba. Littafin dagaci kuwa ya koma kwamfuta, kuma ita ba ta san iyaka ba.

Dokar da ake aiki da ita

Shekara da shekaru dokar harajin kuɗin shigar ɗaiɗaikun mutane ta 1993, wadda aka yi wa gyara a 2011, ita ce madogara. A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokoki huɗu, waɗanda suka samo asali daga aikin kwamitin gyaran haraji da aka kafa a 2023 ƙarƙashin Taiwo Oyedele. Biyu daga cikinsu su ne suka fi shafar maganarmu, wato Dokar Haraji ta Nijeriya da Dokar Gudanar da Haraji ta Nijeriya, kuma sun fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Tsohuwar hukumar FIRS ta koma NRS, wato Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Nijeriya.

A sabon tsari, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu, haka ma wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda aka tsayar a kan naira 70,000 a wata a 2024. Naira miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari a kansu. Daga nan abin yana hawa mataki-mataki, kashi 18, kashi 21, kashi 23, har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya haura naira miliyan 50. Shekarar haraji tana farawa daga Janairu ta ƙare a Disamba. Ma'aikata da kamfanoni suna miƙa bayanin albashin ma'aikatansu kafin ƙarshen Janairu, shi kuma mutum yana miƙa nasa bayanin na shekarar da ta gabata kafin ƙarshen Maris.

A nan akwai abin lura. Biyan haraji daban, miƙa bayani daban. Ma'aikacin da ake yankar haraji a albashinsa kowane wata ya biya, amma doka ta ce ya cike fom ya bayyana duk hanyoyin samunsa, har da hayar gida da ribar shago. Wanda lissafi ya nuna babu ko kwabo a kansa, shi ma ana son ya miƙa bayanin. Tarar rashin miƙawa naira 100,000 ce a watan farko, sannan naira 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Idan muka lissafa, shekara guda ta sakaci ta kama naira 650,000. Wanda ya yi shekara uku a waje bai waiwayi fayil ɗinsa ba, shi ya san abin da zai iya tararwa.

Wani abin da ya kamata mu sani shi ne wurin da ake kai bayanin. Harajin mutum na jihar da yake zaune ne. Ɗan Dauran da ke aiki a Legas hukumar Legas ce ke da shi, na Kano hukumar Kano, na Abuja hukumar Babban Birnin Tarayya. Wanda ke zaune a Gusau ko Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ko nan gida, shi ne ke ƙarƙashin Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Zamfara. Wanda ya tabbata ba mazaunin Nijeriya ba ne amma yana da kuɗin da ke fitowa daga cikinta, hukumar tarayya ce ke kula da shi.

Wane ne mazauni a idon doka?

Nan ne zuciyar maganar take. Mazaunin Nijeriya yana biyan haraji a kan duk abin da ya samu a ko'ina a duniya. Wanda ba mazauni ba kuwa, abin da ya samu daga cikin Nijeriya kaɗai ake tambayarsa.

Yawancinmu mun san ƙa'idar kwana 183, wato wanda ya yi kwanaki 183 ko fiye a cikin ƙasa a tsawon wata goma sha biyu mazauni ne. Wannan ƙa'ida tana nan, sai dai sabuwar doka ta jera wasu ma'aunai tare da ita, kuma ɗaya daga ciki ya isa. Mutum mazauni ne idan Nijeriya ce matabbatarsa ta dindindin, ko yana da gida na dindindin da ke buɗe gare shi don zaman kansa, ko nan ne inda ya saba zama, ko yana da ƙaƙƙarfar alaƙar dukiya tare da iyali na kusa a cikin ƙasa, ko kuma yana wakiltar Nijeriya a matsayin jami'in jakadanci a waje.

Jama'a, mu dubi wannan jeri mu dubi kanmu. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, mu 'yan Dauran ba haka muke tafiya ba. Mutum zai tafi Jidda ya bar mai ɗakinsa da 'ya'ya a Gusau, ɗakinsa a share, gonarsa ana nomawa, shagonsa ƙaninsa na tsaro, ya zo Sallah ƙarama ya zo Sallah babba. Irin wannan matafiyi, ko ya yi wata goma a waje, yana iya faɗawa cikin ma'aunin gida ko na iyali da dukiya. Idan haka ta tabbata, bayanin shekara-shekara bai faɗi a kansa ba, kuma abin da yake samu a can yana cikin abin da zai bayyana. Wanda ya kwashe iyalinsa gaba ɗaya, ya saki gidan haya, ya kafa zama a Manchesta ko Toronto, matsayinsa daban ne, kuma albashinsa na can ba ruwan Nijeriya da shi. Kasancewarsa ɗan ƙasa mai riƙe da koren fasfo bai sa haraji ya hau kansa ba.

Bari mu kawo abin kusa. Alhajin da ya tafi aikin Hajji ko Umara, ko wanda ya je jinya Alƙahira ko Indiya na 'yan watanni, mazauni ne kamar bai motsa ba. Ɗan kasuwar da ke saye a kasuwar Shinkafi ran Alhamis ya kai Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa, shi ma mazauni ne, kuma kuɗin kwastan da ya biya a kan kaya bai ɗauke masa harajin ribarsa ba, domin kowanne da hukumarsa. Malamin makaranta ko na kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda da ya tafi ƙaro ilimi Malesiya ko Sudan da albashinsa, za a ci gaba da yankar haraji a albashin nan, kuma bayanin shekara yana kansa. Ɗalibin da iyayensa ke ɗaukar nauyinsa, ba shi da sana'a ba shi da samu, babu abin da za a karɓa a wurinsa.

Akwai kuma 'yan uwanmu da ba da son ransu suka tafi ba. Tun daga 2019 dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi saboda ta'addancin 'yan bindiga. Waɗannan bayin Allah sun bar gonaki da dabbobi, wasu ma sun gudu ne bayan an ɗora wa ƙauyukansu kuɗin zalunci da miyagun ke kira haraji. Wannan ƙwace ne da bakin bindiga, bai haɗa komai da abin da muke bayani ba. Harajin doka a kan samu yake, wanda kuwa aka raba da hanyar samunsa babu bashin hukuma a wuyansa. Kada wani ya tsorata su da cewa tara na jiransu idan sun dawo gida. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan musiba.

Shekarar tafiya

Jami'an shige da fice a filin jirgin saman Malam Aminu Kano ko a kan iyakar Jibiya ba sa tambayar ɗan ƙasa takardar haraji kafin ya fita. Wannan ne ya sa da yawa ke zaton babu komai. Amma wanda ya yi aiki daga Janairu zuwa Yuni ya tashi a Yuli, watanni shidan nan samu ne da ya faru a Nijeriya, kuma bayaninsu zai zo kafin ƙarshen Maris na shekara mai zuwa, ko yana ina a lokacin.

Sau da yawa ma miƙa bayanin riba ce ga matafiyi. Ga misali don fahimta, mun ajiye maganar fansho da rangwamen haya a gefe don lissafi ya yi sauƙi. Ma'aikaci yana ɗaukar naira 250,000 a wata, wato naira miliyan 3 a shekara. Harajinsa na shekara naira 330,000 ne, saboda haka ana yankar masa naira 27,500 kowane wata. Sai ya ajiye aiki a ƙarshen Yuni ya tafi karatu, bai ƙara samun komai ba a shekarar. An riga an yanke masa naira 165,000. Amma abin da ya samu a zahiri naira miliyan 1 da dubu 500 ne. Idan aka cire 800,000 saura 700,000, kashi 15 ɗinsu kuwa naira 105,000 ne. Ke nan hukuma tana riƙe da naira 60,000 nasa, kuma hanyar neman su ita ce miƙa bayani. Wanda bai cike fom ba ya yafe kuɗinsa, ya kuma buɗe ƙofar tara.

Haka nan wanda ya sayar da fili ko gida ko hannun jari don ya haɗa kuɗin tafiya, ya sani ribar da ya ci a cinikin tana shiga lissafin shekarar. A da kashi 10 ake karɓa a kan irin wannan riba, yanzu an haɗe ta da sauran samun mutum ana bi da ita ta matakan da muka ambata. Saboda haka a adana takardar saye da ta sayarwa, domin da su ake gane riba daga uwar kuɗi.

Dukiyar da aka bari a gida

Ko da mutum ya fita daga sahun mazauna, dukiyarsa da ke haihuwa a Nijeriya tana nan ƙarƙashin doka. Gidan haya a Gusau ko Kaduna, motar haya da ke bin hanyar Ƙaura zuwa Funtuwa, injin niƙa, shago, gonar da ake nomawa don sayarwa, duk samunsu daga Nijeriya ya fito. Idan kamfani ko ma'aikatar gwamnati ce ke hayar gidan, za ta yanki kashi 10 cikin ɗari ta kai wa hukuma, kuma wajibi ne mai gida ya karɓi shaidar wannan yanka ya ajiye. Ribar hannun jari ita ma ana yankar kashi 10 tun kafin ta iso hannu, kuma wannan ya wadatar a kanta.

Tambayar da ta fi tayar wa mutane hankali ita ce ta kuɗin aike. An yi ta yaɗa jita-jita cewa duk abin da ɗa ya turo wa mahaifiyarsa daga waje za a yanki haraji a kansa. Ba haka ba ne. Kyauta da kuɗin cefane da ɗan uwa ya aiko ba samun sana'a ba ne, kuma kwamitin gyaran haraji ya bayyana haka a fili. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya mazauna waje sun aiko da kimanin dala biliyan 19 da rabi a 2023, kuma babu gwamnatin da za ta so ta toshe wannan rijiya. Sai dai idan kuɗin aiken ya zama jari, aka gina shaguna aka zuba 'yan haya, to abin da shagunan suka haifa ya shiga lissafi.

Masu tunanin cewa nesa ta isa ta ɓoye su, su sake tunani. Lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ita ce yanzu lambar harajin mutum, kuma tana haɗe da asusun banki da layin waya da fasfo. Bugu da ƙari, tun 2019 Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin shiga tsarin musayar bayanan asusun banki tsakanin ƙasashe. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ranar nan takan zo ne lokacin da mutum ya dawo yana neman takardar mallakar fili, ko kwangila, ko muƙamin gwamnati, a ce ya kawo takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce. Mun ga 'yan uwa masu ilimi da gogewa da wannan 'yar takarda ta tsayar da su a bakin ƙofa.

Ƙasar da aka sauka, da ranar barinta

Kowace ƙasa da nata tsarin, kuma wanda zai dawo gida shi ma mai barin ƙasa ne, dole ya rufe littafinsa na can.

Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba sa karɓar haraji a kan albashi. Abin da mazauninsu ke biya shi ne harajin saye, kashi 15 a Saudiyya tun Yuli 2020, kashi 5 a Dubai da sauran masarautun tun 2018, da kuɗaɗen iƙama. Wannan yana da daɗin ji, amma yana da wani gefe. Dokarmu tana rage wa mazauni harajin da ya riga ya biya a wata ƙasa a kan samu guda, idan ya kawo shaida. Wanda ke aiki a Riyad bai biya komai a can ba, saboda haka idan har doka ta ɗauke shi mazaunin Nijeriya, babu abin da za a rage masa. Mutanenmu na ƙasa mai tsarki su ne suka fi buƙatar tantance matsayinsu.

A Nijar ana yankar haraji a albashi, 'yan kasuwa kuma suna da nasu kuɗaɗen da suke biya. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025, ya kamata mai shago a Maraɗi ko Damagaram ya ƙara kula da takardunsa na zama da na sana'a.

A Ingila shekarar haraji tana farawa ranar 6 ga Afrilu ta ƙare ranar 5 ga Afrilun shekara mai zuwa. Wanda zai bar ƙasar yana sanar da hukumarsu ta HMRC ta fom mai suna P85, ko ta bayanin shekara idan yana cikin masu cike shi, kuma sau da yawa akan maido masa da rarar abin da aka yanka. Nijeriya da Ingila sun ƙulla yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu a 1987, akwai kuma irinta da Faransa da Kanada da Sin da Afirka ta Kudu.

Amurka ce ta fita daban. Ita tana bin ɗan ƙasarta da mai riƙe da katin zamanta na dindindin duk inda suke a duniya. Yaron da aka haifa a can ya girma a Kano, idan samunsa ya kai mizanin da suka sa, ana sa ran ya miƙa musu bayani kowace shekara. Dokarsu ta kuma tanadi cewa baƙo mazauni, in ban da waɗanda aka keɓe kamar yawancin ɗalibai da masu ziyara, ya nemi takardar wanke kai daga hukumar IRS kafin ya tashi. Babu yarjejeniyar harajin kuɗin shiga tsakaninta da Nijeriya, kuma daga Janairu 2026 ta sa kashi 1 cikin ɗari a kan kuɗin da aka aika waje da tsaba. Kanada kuwa, ranar da mazauninta ya bar ta, tana ɗaukar wasu kadarorinsa tamkar ya sayar da su, ta lissafa haraji a kan ribar.

Abin da muke ba da shawara

Na ɗaya, duk wanda ya ƙudurta tafiya ya je ofishin harajin jihar da yake zaune tun kafin ya sayi tikiti. Ya rubuta takarda ya bayyana ranar tashinsa da inda za shi da abin da zai bari a gida, ya karɓi kwafi mai hatimi. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, ya karɓi shaidar duk abin da aka yanka a albashinsa daga wurin aikinsa, ya nemi takardar shaidar biyan haraji tun yana kusa, domin neman ta daga nesa wahala ce.

Na uku, ya naɗa wakili amintacce a rubuce, wanda zai riƙa karɓar saƙon hukuma yana miƙa bayani a kan lokaci. A raba asusun kuɗin haya da na cefanen gida, don kada kyauta ta cakuɗe da riba.

Na huɗu, ya adana tsohon fasfo, da takardar ɗaukar aiki, da ta izinin zama, da rasit na harajin da ya biya a can. Hatiman fasfo su ne shaidar kwanakin da ya yi a kowace ƙasa.

Na biyar, wanda ya ga an yanka masa abin da bai gamsu da shi ba, kada ya nemi hanyar bayan gida. Ya rubuta ƙorafi ga hukumar, in bai gamsu ba akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ga kuma ofishin sauraren koken masu biyan haraji da dokokin 2025 suka kafa. Kada a biya ko sisi a hannun wani ba tare da rasit na gwamnati ba.

Kammalawa

'Yan uwa, muna roƙon shugabannin ƙungiya su duba yiwuwar kafa ɗan ƙaramin kwamiti na akantoci da lauyoyi da ma'aikatan haraji daga cikin 'ya'yan Dauran, wanda zai riƙa zama a watan Fabrairu na kowace shekara yana taimaka wa masu shirin tafiya da iyalan waɗanda ke waje wajen cike fom kafin wa'adin Maris ya cika. Allah ya hore mana masu wannan ilimi, abin da ya rage a haɗa su wuri ɗaya.

Sannan mu riƙe wani abu da bayanin nan ya fito da shi. Tunda harajin mutum na inda yake zaune ne, abin da ake yanka a albashinmu a Legas da Abuja da Landan can yake tsayawa, yana gina titunansu da asibitocinsu. Makarantar firamaren da ta koya mana baƙi da wasali, da asibitin da iyayenmu ke zuwa, da rijiyoyin burtsatsen da suka lalace, ba su da rabo a ciki sai abin da muka ɗebo da hannunmu muka kawo. Saboda haka mu sauke haƙƙin hukuma a inda muke zaune don mutuncinmu ya tsira, mu kuma biya kuɗin ƙungiya a kan lokaci don garinmu ya amfana da mu.

 Allah ya zaunar da Dauran da ƙasar Zamfara lafiya, ya tsare matafiyanmu, ya dawo mana da waɗanda ke gudun hijira cikin aminci.